23 da 32: Wa Ke Rubuta Sunan da Ke Bayan Lamba?



Ku ɗauki takarda ku jera ƙananan hukumomin jihar Kano guda 44 bisa tsarin baƙaƙe, yadda takardun gwamnati suka saba rubuta su, ku fara da Ajingi ku ƙare da Wudil. Za ku tarar Kibiya ce ta 23, Rano kuma ta 32. Haka suke a lambobin hukumar zaɓe ta INEC, inda Kano take ta 19 a jerin jihohi. Saboda haka rumfar zaɓen da ke Tarai lambarta tana farawa da 19/23, wadda ke Rurum kuwa da 19/32. Maƙwabtan juna ne, ɗan majalisar wakilai ɗaya gare su tare da Bunkure, sarki ɗaya suke kai wa gaisuwa, kuma abin da ya raba su a cikin kwamfuta bai wuce wane yatsa ya riga ɗan'uwansa sauka ba. Mai buga bayanai ya yi gyangyaɗi na daƙiƙa ɗaya, mutumin Durba ya wayi gari ɗan Rano ne, kuma babu wanda zai gane, domin 32 ma lamba ce mai kyau, tana cikin jerin.

Wani zai ce mene ne haɗin wannan da zauren marubuta, mu da muka taru don gajeren labari da waƙa da wasan kwaikwayo? Mu faɗa wa juna gaskiya, kaɗan ne a cikinmu suke cin abinci da littafi. Fassara muke yi, muna rubuta rahoto, muna shiga ƙauyuka da waya a hannu muna cike fom idan aikin rigakafi ko na rajistar manoma ya zo. A cikin duk waɗannan ayyuka akwai wani mataki da ake wucewa da gudu kamar ba komai ba, wato lokacin da ake cire lamba a sa suna a gurbinta. Ra'ayinmu shi ne wannan mataki rubutu ne, aikin mai alƙalami ne, kuma mun daɗe da sakar wa mutanen da ba su da lokacin damuwa da Hausa.

Bari mu fara da yadda abin yake tafiya, don wanda bai taɓa leƙa bayan fom ba. Wanda ya yi aiki da manhajar ODK ko KoboToolbox ya san fuskar da yake gani a waya: tambaya a sama, zaɓuɓɓuka a ƙasa, ya danna ɗaya ya wuce. Amma abin da wayar take adanawa sau da yawa ba kalmar da ya danna ba ce. Tana rubuta amsar cikin wani tsari da ake kira XML, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1998, inda kowane bayani yake zaune tsakanin alamomi biyu, ta buɗewa da ta rufewa, kamar hatsi a buhun da aka rubuta wa suna a jiki. Ga yadda yake kama:

<hukuma>23</hukuma> <famfo>2</famfo> <jinsi>1</jinsi>

Buhun yana da suna, amma abin da ke ciki lamba ce tsirara. Ma'anarta tana can wani wuri dabam, a wani jadawali mai layi biyu, lamba a hagu, suna a dama. Masu tsara fom a Excel suke rubuta wannan jadawali, kuma tsarin ya ba da dama a ƙara layi na uku da na huɗu don wasu harsuna. Hausa ma tana da tata alamar ta duniya, wato ha. In lokacin fitar da rahoto ya yi, sai a bi da fayil ɗin ta cikin wata doka da ke juya shi zuwa abin da ido zai iya karantawa. Akwai harshen kwamfuta da aka yi musamman don wannan juyi, XSLT, tun 1999. Dokar ba ta da wata hikima: duk inda ka ga buhun hukuma, ɗauki lambar da ke ciki, je jadawali, dawo da sunan da ke gefenta, rubuta shi. Ba ta san Kibiya ba, ba ta taɓa shan ruwan Rano ba. Abin da aka ba ta shi take amayarwa.

Mun taɓa ƙonewa da wannan wuta, shi ya sa muke tsoron toka. Shekarun baya wata ƙungiya, ba sai mun kama suna ba, ta ɗauki matasa su zaga wasu ƙauyuka na wannan yanki su duba famfunan tuƙa-tuƙa. Mu kuma aka ba mu aikin rubuta taƙaitaccen bayani da Hausa, wanda za a karanta a gaban dagatai da masu unguwanni. Aka turo mana fayil cike da lambobi, tare da jadawalin da ya ce 1 na nufin famfo yana aiki, 2 na nufin ya lalace. Ashe kafin yara su fita aiki an gyara fom ɗin, an tsoma wani zaɓi a tsakiya: 1 yana aiki, 2 yana aiki amma ruwan yana yankewa, 3 ya lalace. Mu tsohon jadawali ne a hannunmu. Sai duk famfon da ke ɗan tari yana ba da ruwa ya fito a matsayin matacce, matattun na gaske kuwa, masu lamba 3, dokar ta je jadawali ba ta sami sunansu ba, ta bar gurbinsu fari. Mun ga guraben, muka ɗauka yaran ne suka tsallake tambayar. Muka zauna muka gyara jimloli, muka ƙawata, har da karin magana a buɗewa. Ranar karatu wani dattijo mai unguwa ya miƙe cikin ladabi ya ce ya saurara tun daga farko, bai ji an ambaci famfonsu da ya daɗe a mace ba, sai na maƙwabtansu da shi da kansa ya sha ruwansa da safen nan. Da bai zo taron ba, ko da kunya ta hana shi magana a gaban manya, da jerin gyara ya tafi a haka.

Ba wanda ya yi ƙarya a wannan lamari. Yaran sun danna daidai, wayar ta adana daidai, dokar ta yi abin da aka sa ta, Hausarmu kuma ba ta da makusa. Mabuɗin ne ba na ƙofar ba.

Abin mamaki shi ne magabatanmu sun san wannan matsala tun kafin a haifi kakan kwamfuta. Duk wanda ya karanta waƙoƙin ajami na malaman ƙarni na 19 ya san ramzi, kalmar da mawaƙi kan sa a ƙarshen waƙa wadda in ka haɗa lissafin baƙaƙenta za ta ba ka shekarar hijira da aka yi waƙar. To amma lissafin abajada iri biyu ne. A tsarin Magariba, wanda shi malamanmu suka gada, harafin shin 1000 ne, sin kuma 300. A tsarin Gabas, wanda ke cikin yawancin littattafan da ake bugowa daga Masar da Labanan, shin 300 ne, sin 60. Baƙaƙe shida ne suka saɓa tsakanin tsarin biyu. Waƙoƙin zamanin Shehu Usmanu da 'ya'yansa an yi su a shekarun 1200 da wani abu na hijira, shi ya sa ramzinsu kan ɗauki shin da ra, wato 1000 da 200. Ɗalibin da ya zo da jadawalin Gabas ya lissafa zai sami 500, ya mayar da waƙar baya da shekara 700, kuma lissafinsa ba zai nuna masa kuskure ko ɗaya ba. Malamin zaure ba ya barin almajiri ya taɓa hisabi sai ya tabbatar wane jeri ya haddace. Mu da muke alfahari da wannan gado, mu ne muka karɓi jadawali ba mu tambayi na wane fom ba ne.

Kada a fahimce mu a baibai, ba mu zo zagin lamba ba. Akwai masu kishin harshe a cikinmu da za su ce a watsar da lambobin nan gaba ɗaya, a rubuta sunan kowane gari da kowace amsa tun daga farko, a huta. Ba za a huta ba. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, mazaɓu 8,809, da rumfunan zaɓe 176,846 tun bayan ƙarin da aka yi a 2021. Jihar Kano kaɗai mazaɓu 484 gare ta. Sunaye kuwa suna maimaita kansu. Akwai Nasarawa ƙaramar hukuma a Kano, akwai Nasarawa ƙaramar hukuma a jihar Nasarawa, ga jihar ita kanta. Akwai Bassa a Filato, akwai Bassa a Kogi. A nan gida akwai mazaɓar Yalwa a Rano, akwai Yalwa a Dala. Tudun Wada da Sabon Gari kuwa sai dai a ce wane gari ne ba shi da su. Ko Rurum ma biyu ce a takardar zaɓe, Tsohon Gari da Sabon Gari. In ka ce wa kwamfuta Yalwa, ba ka ce mata komai ba.

Sannan suna yana motsi. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kafa masarautun Bichi, Gaya, Ƙaraye da Rano, kuma Rano ta wancan lokaci ta miƙe har Tudun Wada da Doguwa. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, daga baya a watan Yuli aka dawo da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi uku: Rano, Bunkure da Kibiya. Wanda ya ga "masarautar Rano" a rahoton 2021 da na 2025 ya ɗauka ƙasa ɗaya ake nufi, ya auna gero da mudu biyu mabambanta. Lambar ƙaramar hukuma kuwa tana nan inda take, ko wa ke bisa gado. Wannan shi ne amfaninta: ba ta da ɓangare, ba ta da karin harshe, ba ta sauyawa da sauyin gwamna.

Abin da muke cewa shi ne lamba ta na'ura ce, suna na mutum ne, kuma rahoton da za a miƙa wa mutane dole ya ɗauki duka biyun. INEC, duk da ƙorafin da ake yi da ita, ta gane wannan a takardar sakamakon rumfa, wadda ake kira EC8A: akwai gurbin sunan jiha da na lambarta, sunan ƙaramar hukuma da lambarta, har zuwa rumfa. In an rubuta Kibiya aka sa 32 a gefe, wakilin jam'iyya mai ido zai tsayar da alƙalami nan take. Da lamba ce kaɗai, ko suna kaɗai, kuskuren zai wuce salin-alin. Don haka idan kuna juya fayil zuwa rahoto, kada ku bari suna ya haɗiye lamba. Ku bar ta a gefensa, ko da ƙanana ne baƙaƙen, domin ita ce hanyar komawa gida in an yi ɓatan kai.

Akwai wani rami da masu wayo suka fi faɗawa, shi ne mutum ya ce ai ya gane dabarar, jerin baƙaƙe ne, bari ya sake gina jadawalin da kansa. Mu ma da wannan muka buɗe maƙalar, to amma ku kula. Jihar Kano ta sauya wa ƙaramar hukumar Kunchi suna zuwa Ghari. Ku sake jerawa da sabon sunan: Ghari za ta dawo bayan Gezawa, ta tura waɗanda ke tsakaninta da tsohon gurbinta gaba da taki ɗaya, sai 23 ta zama Ƙaraye, Kibiya ta koma 24. Ko kuma mai kishin daidaitacciyar Hausa ya jera su bisa abacadar Hausa, inda Ƙ take zuwa bayan K. Ƙaraye za ta fice daga gaban Kibiya, Kibiya ta zama 22. A duka biyun niyya mai kyau ce ta jawo ɓarna. Lamba ba lissafi ba ce da za ka sake yi, alkawari ce da wanda ya tsara fom ya ƙulla ranar da ya tsara shi. Wurinsa za ka je ka karɓo jadawalin, ka tambaye shi na wane zubin fom ne, ka rubuta kwanan wata a kai.

Zuwa nan duk magana ce ta kula, wadda kowane akawu mai natsuwa zai iya. Inda marubuci yake shigowa shi ne layin dama na jadawalin, inda za a zaɓi kalma.

Ku ɗauki babban binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take gudanarwa bayan 'yan shekaru, wanda kusan duk rahoton da ya shafi lafiyar mata da yara a Arewa daga shi yake ɗiba. A bayanansa matakin karatu lamba huɗu ne: 0, 1, 2, 3. Ta 1 firamare, ta 2 sakandare, ta 3 gaba da sakandare. Ta 0 kuwa sunanta na Turanci, in aka juya shi kai tsaye, "babu ilimi" ne. To wane ne yake faɗawa a wannan gurbi? Duk wanda bai shiga ajin boko ba. A ciki har da alaramman da ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, da uwargidan da ta sauke tun tana budurwa take karantar da yaran unguwa a tsakar gidanta, da ɗan kasuwar da ke riƙe da bashin mutum hamsin a littafinsa na ajami. Mai binciken ba zagi ya yi niyya ba, shekarun makarantar zamani yake aunawa don ya kwatanta ƙasa da ƙasa. Amma ranar da wannan sifili ya zama kalmar Hausa, aka karanta a rediyo cewa kaso kaza na matan karkara "ba su da ilimi", ko mai fassara ya ƙara gishiri ya ce "jahilai", an zagi iyayenmu da bakinmu. Marubucin da ya san abin da lambar take aunawa zai rubuta "bai yi karatun boko ba". Kalma biyu aka ƙara, ma'anar ta dawo daidai da abin da aka tambaya, kuma mai sauraro a Saji ba zai kashe rediyonsa ba.

Haka batun aure. Fom ɗin Turanci yakan ba da zaɓi huɗu ko biyar, mai fassara mai gaggawa ya ɗauko "gwauro" ya liƙa wa wanda bai taɓa aure ba. A Hausa gwauro yana iya zama wanda ya yi aure matar ta fita ko ta rasu. Wanda ya girma bai taɓa yi ba tuzuru ne, kuma ba wanda zai yarda a kira shi haka a gaban jama'a. "Bazawara" ta haɗa wadda aka saka da wadda mijinta ya rasu, alhali fom ɗin ya raba su gida biyu da lamba biyu. In ka sa bazawara a gefen lamba ɗaya, matan ɗaya lambar za su shiga nan, lissafin zawarawan da ke riƙe da marayu ya rikice, tallafin da aka ware musu ya tafi wani wuri. Mafita ita ce a sauka daga kan kalmomi masu nauyi a yi magana a fili: bai taɓa aure ba, aurenta ya mutu, mijinta ya rasu. Wannan zaɓi ne irin wanda muke yi kullum a labari, lokacin da muke tunanin wace kalma ce wannan tauraruwa za ta iya furtawa a gaban surukarta. Injiniya ba a koya masa wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Akwai kuma lambobin da ba amsa ba ne, shiru ne aka ba shi lamba. A irin waɗannan bincike 98 kan tsaya a madadin "ban sani ba", 99 kuma a madadin gurbin da ba a cike ba. Ƙa'idar duniya ta rubuta jinsi ma haka take: 1 namiji, 2 mace, 0 ba a sani ba, 9 tambayar ba ta shafe shi ba. Wanda bai sa wa waɗannan suna ba zai wayi gari da ƙauyen da tsofaffi masu shekara 98 suka yi wa yawa, ko magidanci mai 'ya'ya 99. Excel kuma yana da tasa ɗabi'ar ta cinye sifilin farko, ya mai da 05 ta koma 5, kamar yadda yake yi wa lambar waya. In jadawali 05 ya sani, ba zai gane 5 ba. Duk wannan yana komawa ga darasin famfo: a gaya wa dokar juyi abin da za ta yi in ta haɗu da lambar da ba ta cikin jadawali. Kada ta yi shiru ta bar fari. Ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa ga lamba kaza ba ta da suna, yadda ko makaho zai yi tuntuɓe da ita. Rahoto mai tabo a fuska ya fi mana wanda ya yi sumul alhali ya haɗiye ƙauye guda.

Wanda har yanzu yake ganin wannan ba matsalarsa ba ce, ya buɗe tsohon fayil ɗin littafinsa. A wurin kwamfuta kowane harafi ma lamba ne. A tsarin Unicode ƙaramin ƙ shi ne 409, ɗ 599, ɓ 595, kuma a XML ana iya rubuta su da lambar tsirara, shi ya sa wani lokaci za ku ga shafi ya fito da &#409;asa a maimakon ƙasa: an manta a juya lambar zuwa harafinta. Kafin Unicode ya yaɗu, masu ƙirƙirar fon na Hausa dabara suka yi, suka ari gurbin wasu alamomi suka zana musu lanƙwasa. Wasu suka ɗauki q da x da v, wasu suka ɗauki alamomin baka-biyu. A allon wanda yake da fon ɗin komai daidai yake. Ranar da fayil ya koma wata kwamfuta, ko aka kwafa shi zuwa Facebook, sai ka ga qasa da xaya da varawo, ko }asa da ]aya. Rubutun bai lalace ba, jadawalinsa ne ya tsaya a gida. Littattafai nawa na shekarun 1990 da 2000 suke kwance a haka a kwamfutocin masu buga littafi a Kano, ba mai iya binciko kalma a cikinsu? Gyaran ba shi da wuya, jadawali ne na 'yan layuka, wannan alama ta koma wancan harafi. Amma sai wanda ya san Hausa ya bi bayansa, domin in littafin yana da sunan Bature ko kalmar aro mai v ta gaske, dokar za ta lanƙwasa ta ita ma.

Mun san amsar da za a ba mu: ai yanzu akwai na'urar fassara, a zuba mata jadawalin ta juya cikin minti ɗaya. A zuba mana. Amma ku tuna abin da ke cikin jadawali guntayen kalmomi ne, ba jimla gaba, ba jimla baya. Ku ba na'ura jerin nan ba tare da bayani ba: Kibiya, Kura, Rogo, Gaya, Doguwa, Tofa. Mu mun san ƙananan hukumomin Kano ne. Ita kuwa tana da hujjar ɗaukarsu a matsayin makamin maharbi, da dabbar dawa, da abin da ake kwaɓawa da ƙuli. Kalmar da ta tsaya ita kaɗai ta fi jimla wuyar fassara, shi ya sa jadawali ya fi buƙatar mutum a kan doguwar wasiƙa. Ga kuma rubutun sunayen kansu, wanda takardun hukuma suka gada daga kunnen Turawa: Ɗambatta kaɗai za ka gan ta da rubutu uku ko huɗu, lanƙwasar Ƙaraye da ta Ƙiru kuwa ba a cika ganinsu ba. Layin Hausa na jadawali shi ne wuri ɗaya da za a iya gyara wannan sau ɗaya, ya bi kowane rahoto da za a fitar daga baya.

Shi ya sa muke ba da shawara, in kun sami kanku a irin wannan aiki, ku roƙi mai kwamfuta abu ɗaya: kada ya binne sunayen a cikin dokar juyi, inda sai wanda ya iya harshen na'ura zai taɓa su. Ya ware su a fayil nasu, lamba, Turanci, Hausa, yadda za ku iya buɗewa ku gyara da kanku, ku buga a takarda ku kai wa wanda abin ya shafa. Ku karanta wa mutumin Fammar sunayen ƙauyukansu da baki, ku ga inda zai ɗaga gira. Ku karanta wa ungozoma zaɓuɓɓukan tambayar haihuwa kafin a tura yara da su gida-gida. Kuma ku sa wannan a cikin kuɗin aiki, ku daina yinsa kyauta a matsayin ɗan gyare-gyare. Layi ɗari biyu na jadawali da aka yi da hankali sun fi shafi ashirin na rahoto cin lokaci, kuma sun fi shi tsawon rai, domin rahoto a durowa yake ƙarewa, jadawali kuwa ana kwafarsa daga aiki zuwa aiki har bayan an manta wanda ya rubuta shi. Kuskurensa ma haka yake yawo.

Akwai wata kalma da har yau ba mu daidaita a kanta ba, kuma muna son jin ta bakinku, musamman 'yan'uwa na Rano da Kibiya da Bunkure da suka yi aikin ƙidaya. Kusan kowane fom yana farawa da lambar rukunin mutanen da suke kwana wuri ɗaya suke ci daga tukunya ɗaya. Masu fassara sukan sa "gida". Amma ku shiga babban gida a Lausu ko Kahu: ƙofa ɗaya, zaure ɗaya, maigida ɗaya da ake sallama da sunansa, a ciki kuwa 'ya'yansa huɗu kowa da sashensa da matarsa da murhunsa. In an ce gida, yaro zai rubuta 1, gidan sauro ko buhun taki na mutum ɗaya ya zo wa tukunya biyar. In an ce "iyali", wani zai haɗa da 'yarsa da ke aure a Kura. In an ce "magidanci", an fitar da matar da mijinta ya rasu take ciyar da 'ya'yanta ita kaɗai. Wasunmu sun fi son "tukunya" kai tsaye, wasu suna ganin za a yi wa mai tambaya dariya a zaure. A fom na ƙarshe da ya biyo ta hannunmu "masu ci daga tukunya ɗaya" muka rubuta, sai mai kwamfuta ya dawo mana da shi ya ce ya yi tsawo, ba ya shiga kan layin jadawalin rahoto.